Kwafin Iya Tabawa

Tun da aka dasa wa Iya Tabawa na'urar riƙe tunani, duk sabon gyaran manhaja sai an gwada a kan kwafin tunaninta tukuna. 'Yarta Uwani ce ke zuwa shaida, yau ma da ƙyar ta jawo ƙafa.

A asibitin, wani ma'aikaci ya kunna kwafin a allo.

"Iya, kin gane ni?"

"Uwani ce mana. Kin rame."

Ma'aikacin ya yi hamma. "Gyaran ya zauna, Hajiya, gobe a kawo tsohuwar. In goge wannan?"

Uwani ta juya ta dubi allon.

"Kada ki damu, yau aka kwafe shi, bai san komai ba," in ji ma'aikacin.

"Goge ni, ɗana, ta je ta huta," in ji kwafin. "Ai na saba."