Kada Ki Matso

"Tsaya nan, kada ki matso," in ji mahaifinta daga kan gado.

Ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon tuwo a hannu. Tun daga garin Ntoum ta taso da jin an sallamo shi daga asibiti, ga ƙannenta maza suna shiga suna fita, ita kaɗai aka tare. A gaban maƙwabtansu na unguwar Nkembo da suka zo dubiya ta ɗaga murya: "Baba, in don ban yi jinyarka ba ne, ka faɗa kowa ya ji!"

Mahaifiyarta ta ja ta gefe. "Maganin da aka ɗura masa tsoho ne. Da can yakan gano ciwon daji irin nasa amma ba ya kashe shi, sai masana suka ɗora wa maganin wani haske mai ƙuna wanda ido ba ya gani. Har yanzu hasken yana fita daga jikinsa. Likita ya ce ban da yara da mai juna biyu."

"To, ni yarinya ce?"

Uwar ta sunkuyar da kai. Cikin fari ne a jikin 'yar, kuma ba wanda ta gaya wa a gidan nan.

"Babanki ne ya gane, ranar da kika ture kifin nan na tashar ruwa ta Port Môle da kike so. Ya ce kada mu nuna mun sani, za ki ji kunya."

'Yar ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ɗaki ta ji muryarsa, a raunane: "Ku ba ta kujera, ta daɗe a tsaye."