Gwangwanin Jan Fenti

"Ba a gan shi ba, kika ce. To rashin gani mutuwa ce?"

A tsaye Tiyamike take magana, don ta ƙi kujerar da aka nuna mata. Madam Makwinja kuwa ko kai ba ta ɗago ba. Ita ce shugabar da ke kula da hanyoyin hawa da ɗakunan kwanan baƙi a gandun dajin dutsen Mulanje, kuma duk wanda ya shigo ofishin nan, ko wane ne shi, Shugaba yake ce mata. Dokarta ce.

Mako ya zagayo tun da Limbani, yayan Tiyamike, ya hau sama da gwangwanin jan fenti. Aikinsa ke nan kafin hutun makarantu: ya bi duwatsun hanya yana sabunta jajayen alamun da baƙi ke bi don kada su ɓata. Ranar da ya hau, sai chiperoni ya sauko, hazon nan mai yayyafi da ke hana mutum ganin ƙafarsa. Masu nema sun tsinci gwangwanin a bakin wani kwazazzabo, murfinsa a rufe tsaf. Shi ne dai babu.

Gwangwanin na nan a kan tebur, kusa da kular nsima, tuwon masara, da Tiyamike ta shigo da ita, wadda ba a ko buɗe ba.

"Yau masu nema za su sauko," in ji Madam. "Gobe a buɗe hanyoyi."

"A buɗe wa wa? Masu zuwa ɗaukar hoto? Ranki ya daɗe, ke fa kika aike shi."

"Ni na aike shi."

Haka kawai ta ce. Abin da ke ƙona wa Tiyamike rai ke nan da matar nan, sai ka jefa mata magana mai zafi ta karɓa kamar an miƙa mata shayi.

Dattijo Likoswe, babban 'yan dako, yana raɓe a jikin bango da hularsa a hannu. Ya yi gyaran murya. Masu neman nan ai su ne 'yan jagora da 'yan dakon da ke kai baƙi sama, tun da aka rufe hanyoyi ba wanda ya kai ko garin masara gidansa. Jiya kuma ɗaya ya zame, an sauko da shi a kan bargo, ƙafa a karye.

"'Yata, mu fa ba mu ce mun gaji ba," ya ce. "Shugaba, in kin ƙara mana kwana, wallahi za mu koma."

Tiyamike ta dubi Madam. "Kin ji ko? Tsoho ma ya fi ki zuciya."

Madam ta juya ta dubi taga. A ƙarƙashin tagar, inda take zama kullum, Nangozo mai ayaba ce da tirenta. Bara ɗanta ya ɓata wajen neman itace a cikin irin wannan hazon. Da lokacin nema ya cika, a ɗakin nan ta durƙusa ta riƙe ƙafar Madam tana roƙo, Madam ta ce doka ce, ba za ta yi asarar rayayyu ba. Tun ranar Nangozo ba ta sake gaishe ta ba. Wannan makon kuwa ko ciniki ba ta yi, ofis kawai take kallo.

"Abin da na gaya wa Nangozo, shi zan gaya miki," in ji Madam. "Limbani ma ya san dokar nan tun bai iya ɗaure takalmi ba."

Tiyamike ta so ta ga ko da ɗigon hawaye ne. Ta bi ta da kallo daga sama har ƙasa. Kaki a goge, hula a daidai. Takalman ne kawai suka yi dumu-dumu da laka har gwiwa, abin da ba a saba gani ba ga mai zaman ofis. Gefen farcenta kuma ja ne, kamar wadda ta daɗe tana murza wani abu.

"Yana da rigar sanyi," in ji Tiyamike. "Akwai kogunan dutse a wajen. Ya san su duka. Wataƙila yana ciki, yana jin ana kiransa, ya kasa amsawa. Kwana ɗaya kawai. Don Allah."

Ba ta taɓa roƙon kowa haka ba, ita da ko a makaranta ba ta iya jiran malami ya gama tambaya.

Madam ta miƙa hannu ta ɗauki oba-oba. Ta danna maɓallin. Da ta yi magana kuwa, muryar nan ce dai da take karanta wa baƙi ƙa'idojin kunna wuta.

"Shugaba ce. Kowa ya sauko. An rufe nema."

Rediyon ya yi ta shuu. Can wata murya ta ce, a hankali, "Mun ji, Shugaba. Allah ya ba da haƙuri."

Likoswe ya sa hula a fuska. A waje Nangozo ta miƙe, ta ɗora tire a ka, ta tsaya jim a gaban tagar, sannan ta ajiye ayaba biyu a bakinta ta wuce.

Madam ta jawo gwangwanin ta ɗora a cinya, ta riƙe da hannu biyu.

Tiyamike ta kai bakin ƙofa, ta juyo.

"In kin tashi aiki, sai ki cire kakin nan ki zo gida ki gaya wa Baba da bakinki. Ni ba zan iya ba, Mama." Ta buga ƙofar, ta fita.