Wayar da Aka Ba Maigari

Warin mushen awaki ne ya tarbi wata ma'aikaciyar lafiyar dabbobi tun kafin ta sauka daga kabukabu a wani ƙauye bayan Afala. Wata takwas tana Tawa tana tura gargaɗin cutar dabbobi zuwa wayoyin da aka raba wa masu gari, kullum kwamfuta na nuna mata saƙo ya tafi. Ranar rabon wayoyi, jawabi aka yi da Faransanci, aka ɗauki hoto, aka watse.

"Baba maigari, ina wayar da muka ba ku?"

Tsohon ya ɗauko wani ƙunshin farin ƙyalle, ya warware a hankali. Wayar tana cikin kwalinta, ko ledar ba a ɓare ba.

"Ga amanarku, ɗiyata. Tun da kunka tahi ba wanda ya taɓa ta."