Allin Madam Ngozi

Muna aji uku a wata sakandare a Fagge, Madam Ngozi ta zo mana da wani tsohon wasan kwaikwayo na Girkawa. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tamu. Ta ce a dandalin Girkawa ba a nuna mutuwa, ɗan aike ne ke shigowa ya ba da labari. Sai ta nuna ni.

Aikina in gaya wa sarki matarsa ta mutu. Na tsaya gaban allo, bakina ya ƙi. A gidanmu ba a faɗar mutuwa gatsau. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, sai haƙuri. Jikin nata ya yi tsanani."

Aji ya fashe da dariya, ban da Madam. Ta yi ta murza alli a yatsunta har ya karye.

"Haka maƙwabcinmu ya ce min ranar da ɗana ya rasu," in ji ta a hankali. "Har abinci na dafa na kai masa asibiti."

Daga ranar zuwa yau, sau uku ke nan ana aike na da irin wannan saƙo a gaske. Kafin in buɗe baki, ƙarar allin nan nake fara ji.