Numfashin Inna a Tukunyar Roba

Tun da aka hana yin sabuwar roba, tsoffin ledoji ake tonowa ana narkarwa. Aikin Tasalla shi ne sauraron tukunyar narkarwar da na'ura a kunne. In kumfa ta taso sai ta danna maɓalli ta fasa ta.

A kowace kumfa akwai numfashin wani, don a da 'yan kasuwa sai sun hura leda kafin su zuba kaya.

Da hantsi wata kumfa ta taso tana lilo. Tasalla ta ji ɗan tarin nan, da bisimilla ƙasa-ƙasa. Marigayiya innarta ce, mai ƙosai.

"Fasa mana, 'yar nan," in ji shugabanta, Baba Sallau. "Dahuwar za ta lalace."

"Baba, bari ta gama hurawa."