Buhu Biyu na Gyaɗar Kala

Tun da ikilisiya ta ɗora maka aiki, zauna ka ji wannan. Ba ni da doguwar magana.

An yi wani manomi, Ranau, wanda da kala aka rene shi. A shekarar yunwa mahaifiyarsa ta shigo wani gari da shi a goye, ba miji, ba gona. In an gama cirar gyaɗa, sai ta ɗauki 'yar fartanya da ƙwarya ta shiga gonar wani dattijo mai tsoron Allah, tana tono abin da ya tsinke ya rage a ƙasa. Kullum ƙwaryarta cike take dawowa, har mata suna cewa hannunta yana da sa'a. Da gyaɗar nan ta yi mai, ta yi ƙuli-ƙuli, ta ciyar da ɗanta har ya zama mutum. Da ya girma dattijon ya ɗauke shi aiki, da ƙafar dattijon ta gaza kuma ya damƙa masa gonar baki ɗaya. Alherin nan ya tsaya wa Ranau a rai. Ya ƙudura cewa mutumin da ya yi masa haka, ko ƙwaya ɗaya ta dukiyarsa ba za ta salwanta a hannunsa ba. Ga shi kuwa ba wanda ya fi shi sanin inda gyaɗa take ɓuya, tun da a bayan uwarsa ya koya. Ya san gefen tudu inda ƙasa take tauri, ya san gindin ɗorawa inda ta fi cika ƙwarya. Da aka gama cira a shekararsa ta fari, ya sallami ma'aikata, ya koma shi kaɗai. Kwana huɗu yana tono yana rairaye ƙasa da yatsu, sai da ya tara buhu biyu. Ran na biyar mata masu kala suka zo yadda suka saba. Bai kore su ba, bai kuma gaya musu ya riga su ba. Suka tona nan, suka tona can, kafin hantsi sun watse. Sai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, mai riƙon jikoki uku, ita ce ta tsaya har rana ta take. Ranau yana inuwar ɗorawa yana kallonta, tana duƙawa, tana miƙewa da hannu a ƙugu. Da za ta tafi, abin da ta samu bai kai cikin tafi biyu ba. Ta ce masa, "Sannu da aiki, ɗana. Bana ƙasa ta yi rowa." Ya amsa gaisuwar.

Da la'asar ya ɗora buhunan a kan jaki ya kai wa dattijon, yana jiran a sa masa albarka. Dattijon ya dubi buhunan. Sai ya ce, "Wa ya aike ka? Shekara arba'in ina hana ma'aikata komawa baya. Gindin ɗorawar nan da gangan nake sa su cira sama-sama. Kana tsammani uwarka sa'a gare ta? Ban gaya maka ba ne don na ɗauka wanda ya ci ba ya buƙatar a gaya masa." Ranau ya ce bari ya bi matan gida-gida ya raba musu. Dattijon ya ce a'a, mai kala ba maroƙiya ba ce, ya mayar inda ya ɗauko. Gari na wayewa Ranau ya koma gona, ya kwance bakin buhunan, ya warwatsa gyaɗar, ya bi yana rufewa da ƙasa, aikin kwana huɗu yana binne shi da hannunsa. Ya sa aka gaya wa mata su dawo. Suka dawo, suka cika ƙorai, suna ta mamaki. Tsohuwar ce kaɗai ba ta zo ba. Da ya tambaya, aka ce ta kwashi jikokinta ta tafi wajen dangi a wani gari mai nisa, don ba ta ga abin da zai kai su ƙarshen rani ba. Ya hana kowa taɓa gindin ɗorawar, ko za ta dawo. Ba ta dawo ba. Da ruwan fari ya sauka, abin da ɓeraye suka rage ya tsiro a wurin, kore shar, Ranau yana wucewa ta gefensa safe da yamma.

To, haka alherin Allah yake. Ba mu saya ba, ba kuma wayonmu ya samo mana ba. Almasihu ne ya bar mana shi a fili da gangan, muka zo a yunwace muka tsinta. Shi ya sa ya gaya wa almajiransa cewa kyauta suka samu, kyauta za su bayar. Ka lura, Ranau ba ɓarawo ba ne, ba mugu ba ne. Ƙwazo ya yi, yana so ya rama alheri. Amma Ubangiji bai ce ka tsare masa alherinsa daga masu yunwa ba. Yanzu kai ne a bakin ƙofa. Mashayi zai zo, wadda aka yi ta yi da ita a gari za ta zo, wanda ya bar sujada shekara goma zai zo yana sunkuyar da kai. Ka tuna yadda kai ka shigo. Kada a wayi gari a ce a kanka, rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.