Maƙerin da Ya Raɗa wa Ɗansa Sunan Wansa

Tun da ka zo kana huci, wai suna kake nema wa jaririnka wanda zai ƙona wa danginka rai, to zauna tukuna ka ji abin da ya sami wani maƙeri.

Su biyu ne a wurin ubansu, shi da wansa, kuma duk ƙira suka gada. Da uban ya rasu aka raba gado, sai uwar maƙera, ƙarfen nan da ake bugu a kansa, ta faɗa hannun babban, shi kuwa ƙaramin aka sallame shi da zugazugi da 'yan guduma biyu. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ja danga ya raba gidan biyu, ya kafa tasa rumfar, amma duk bugun da ya jiyo daga wancan ɓangare sai ya ji kamar a ƙirjinsa ake yi. Zagi na cin sa a baki, ba halin furtawa, don a garin ba a zagin na gaba a kwana lafiya. Ana nan sai matarsa ta haifi ɗa namiji. Mutumin nan, maimakon ya gode wa Allah, sai ya ga ai sanda ya samu. Ya karɓi jinjiri ya yi masa huɗuba da sunan wansa, Ɗayyabu. Ranar suna liman ya raɗa, aka yanka rago, aka raba goro, gari ya ɗauka zumunci ya dawo gidan maƙera. Wan har da ƙwalla, ya aiko wa takwaransa da tunkiya da damin gero. Mata suka ce to, sunan babba ba a kama shi gatsau, sai a riƙa ce wa yaro Baffa. Uban jinjiri ya daka musu tsawa, ya ce babu wani Baffa a gidansa, sunan da aka yanka wa rago shi za a kira. Nan masu hankali suka sha jinin jikinsu.

Tun yaro bai iya zama ba aka fara. In ya yi kuka, sai ka ji, "Ɗayyabu, rufe mana baki, mai haɗama!" In ya yi rarrafe ya kifar da ƙwarya, "Ɗayyabu azzalumi, mai cin abin da ba nasa ba!" Kuma ba ya faɗa sai ya juya fuska wajen danga, ya ɗaga murya yadda har masu jiran a koɗa musu fartanya a rumfar wan za su ji. In an yi masa magana ya ce shi da ɗansa yake, ko an hana mutum tsawata wa abin da ya haifa? Sai ya koma ciki yana murmushi, shi a dole ya rama. Kai, ban taɓa jin wauta mai ban haushi irin wannan ba! Wanda ake nufi yana can da furfurarsa, ya yi kunnen uwar shegu ya ci gaba da aikinsa. Wanda zagin ke sauka a kansa safe da yamma kuwa yaro ne da bai ma san an raba wani gado ba. Uwar ta yi kuka, ta yi roƙo, ta yi yaji har sau biyu, duk a banza.

Shi kuwa yaro ba dutse ba ne. Da ya yi ƙafa sai ya gano wata kafa a gindin danga. A wancan ɓangare ana ce masa takwara, a ajiye masa ɗumame, a ɗora hannunsa a kan zugazugi a nuna masa yadda ake hura wuta ba a watsa gawayi ba. Can ya koyi riƙe awartaki, can ya ƙera laujensa na farko. Uban ko a jikinsa, don shi bai taɓa tsayawa ya dubi yaron ba. Muddin akwai sunan da zai zaga, buƙatarsa ta biya.

Shekaru suka tura. Hayaƙi da tartsatsi suka ci idon uban yaron. Damina ta ƙarato, manoma sun jibge masa aiki, ba mai yi masa zuga, ba mai riƙe masa ƙarfe. Sai a ranar ya tuna yana da ɗa, saurayi ƙaƙƙarfa wanda duk kasuwa ke yabon ƙirarsa. Ya lallaba ya dafa danga, ya sassauta murya, ya kira sunan ba tare da zagi ya biyo baya ba, abin da bai taɓa yi ba. Bugun guduma ya ci gaba. Ya sake kira. Can saurayin ya ajiye guduma ya zagayo, ya durƙusa da ladabi, ya ce, "Baba, da wa kake? Tun ina goye ban taɓa jin ka kira ni ba. Wanka kake kira, ga shi can a zaune, ya ji ka." Ya tashi ya koma bakin wutarsa. Maƙeri ya yi tsaye, baƙin ciki kamar ya kashe shi, ga shi ba wanda zai kai ƙara, tun da da bakinsa ya yi huɗubar.

To ka ji. Sunan da za ka raɗa, ɗanka ne zai amsa shi har ya shiga kabari, ba danginka ba. Ba a banza magabata suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.